Toshe Tallan Intanet a Gida Gaba Ɗaya: Nazarin Kafa Pi-hole a Gida Mai Na'urori 15

Gidan da muka ɗauka misali a wannan nazari na mutum 7 ne, kuma na'urori 15 ke shan intanet daga rauta guda: wayoyi 6, laftof 2, kwamfutar tebur 1, tabulet 2, talabijin mai intanet, Chromecast, firinta da na'urar wasan bidiyo. Kukan mutanen gidan kashi uku ne. Wasannin da yara ke yi a tabulet cike suke da talla, wasu ma ba su dace da idon yaro ba. Talabijin na baje talla tun a fuskar farko kafin a zaɓi abin kallo. Ita kuwa kakar yaran, tsohuwar wayarta na daɗewa kafin ta buɗe shafin labarai ɗaya, kuma sau da yawa yatsanta kan faɗa kan tallan nan mai jan launi da ke cewa wayarki ta kamu da bairos, danna nan.

Akwai manhajar toshe talla a burauzar laftof, tana kuma aikinta. Sai dai ba a iya saka irinta a talabijin, ba a iya cusa ta cikin manhajar wasa. Abin da ake so shi ne shinge ɗaya a bakin ƙofa wanda zai tsare kowa. An zaɓi Pi-hole, manhajar toshe talla da ake girkawa a wani ƙaramin akwati a jona shi da rauta. Girkinsa bai kai minti 30 ba, amma sai da aka yi kusan wata 2 kafin komai ya zauna daidai. Kusan duk matsalolin da aka gamu da su tushensu ɗaya: tambayar na'ura ta samu wata hanya ta zagaye shingen, ko kuma shingen ya faɗi ya danne gidan duka.

Abin da akwatin ke yi

Na'ura lamba ta sani. Idan ka rubuta sunan shafi, kafin ta ɗauko ko harafi ɗaya sai ta tambayi sabar DNS adireshin IP na wannan suna. Shafin labarai guda kuwa yakan tura wayarka ta tambayi sunaye masu yawa: na hotuna, na rubutu, na kamfanonin talla, na masu bibiyar sawu. Pi-hole na zama a matsayin sabar DNS ta gidan, kowace tambaya ta iso masa ta mashiga ta 53, wato lambar ƙofar da aka ware wa tambayoyin DNS. Idan sunan na cikin jerin toshewa, kamar `googleads.g.doubleclick.net`, sai ya amsa da 0.0.0.0, wato adireshin da ba ya kai wa ko'ina. Na'urar ba za ta ma nemi tallan ba, balle ta ɓata data wajen sauke shi. Idan sunan ba ya cikin jerin, sai ya miƙa tambayar ga sabar da ke sama da shi, ya dawo da amsa, ya kuma ajiye ta na ɗan lokaci don mai tambaya na gaba.

Jacob Salmela ne ya fara aikin Pi-hole a 2014, kuma injinsa mai suna FTL an gina shi ne a kan dnsmasq na Simon Kelley. Sigar 6 da ta fito a Fabrairun 2025 ta haɗa sabar shafin kula a cikin injin kansa. AdGuard Home ma irin wannan aiki yake yi, kuma duk abin da za a faɗa a ƙasa game da rauta ya shafe shi. Abin riƙewa tun yanzu: suna kawai akwatin ke gani. Bai san abin da ke cikin shafi ba, hotuna da bidiyo ba sa bi ta cikinsa. Shi ya sa ƙaramar na'ura ta ishe shi, shi ya sa kuma yake da iyakar da ba ya ƙetarewa.

Kayan aiki da girkawa

An yi amfani da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3B+ mai RAM na 1GB, katin memori na 16GB mai inganci, caja mai bayar da 5V da 2.5A, da gajeren kebul na Ethernet zuwa rauta. Pi-hole na buƙatar RAM na 512MB da fili na 2GB a ƙalla, don haka wannan ya yi yawa ma. Kebul ya fi Wi-Fi a nan nesa ba kusa ba, domin idan Wi-Fi ya ɗan yi gargada, gidan duka ne zai ji a jikinsa. Cajar waya da aka tsinta a durowa ita ce ta fi kashe irin wannan aiki. Umarnin `vcgencmd get_throttled` zai gaya maka gaskiya: 0x0 lafiya lau, 0x50005 kuwa wuta ba ta isar na'urar.

An rubuta Raspberry Pi OS Lite a katin da Raspberry Pi Imager, aka kunna SSH, hanyar ba Pi umarni daga wata kwamfuta, tun daga nan. Rauta na kan 192.168.1.1, tana raba adireshi daga .100 zuwa .200, sai aka ba Pi adireshin dindindin a wajen wannan zango:

`sudo nmcli con mod "Wired connection 1" ipv4.method manual ipv4.addresses 192.168.1.2/24 ipv4.gateway 192.168.1.1 ipv4.dns 127.0.0.1`

A lura da 127.0.0.1 ɗin nan na ƙarshe, wanda aka saka bayan an gama girkawa. Ma'anarsa Pi ya riƙa tambayar kansa. A ido abu ne mai tsari, amma kuskure ne, kuma sai bayan makonni ya nuna kansa.

Girkawa umarni ɗaya ne, `curl -sSL https://install.pi-hole.net | bash`. Wanda ba ya son gudanar da rubutun da bai karanta ba, kuma yana da hujja, zai iya sauke fayil ɗin ya duba kafin ya kunna. Aka karɓi jerin toshewa na StevenBlack da ke zuwa da shi, aka saka kalmar sirri da `sudo pihole setpassword`, aka shiga shafin kula ta `http://192.168.1.2/admin`. A maimakon miƙa tambayoyin gidan ga sabobin DNS na waje irin 1.1.1.1 ko 9.9.9.9, an girka manhajar unbound ta NLnet Labs a kan Pi ɗin, yana saurare a mashiga ta 5335, aka rubuta `127.0.0.1#5335` a matsayin sabar sama. Unbound na bin sawun suna da kansa tun daga sabobin tushe, yana kuma tantance sa hannun DNSSEC, wanda ke tabbatar da cewa amsar ba ta jabu ba ce. Tambayar farko ga sabon suna takan ɗan jinkirta, na baya kuma su zo nan take.

Daren farko: gidan duka ya zama mutum ɗaya

Rautar da kamfanin intanet ya bayar tana da gurbin DNS a wuri biyu, ɗaya a sashen WAN, wato ɓangaren da ke fuskantar intanet, ɗaya a sashen DHCP na LAN, wato wurin raba wa na'urorin gida adireshi. Na WAN aka fara gani, shi aka cike da 192.168.1.2. Talla ya ragu nan da nan, kowa ya yi murna. Amma da dare, lokacin da kowa ke gida, sai shafuka su ƙi buɗewa na wasu daƙiƙu, su dawo, su sake ƙi.

Shafin kula ya nuna dalili. A jerin masu tambaya suna ɗaya ne tak, 192.168.1.1. Na'urori na tambayar rauta, rauta ta tambayi Pi, don haka a idon Pi-hole na'ura ɗaya ce ke surutu babu ƙaƙƙautawa. Shi kuwa yana da ƙa'ida: mai tambaya ɗaya ba zai wuce tambaya 1000 a cikin daƙiƙa 60 ba, idan ya wuce sai a ƙi amsa masa har mintin ya cika. Talabijin kaɗai, da ta ga an toshe mata sabar da take aika wa rahoto, sai ta dinga maimaita tambayar kamar yaro mai ƙiriniya, ta cinye kason kowa. Ana iya ɗaga iyakar, amma wannan rufe ciwo ne da tsumma. Gyaran gaske shi ne a mayar da WAN yadda yake, a saka 192.168.1.2 a sashen DHCP, ta yadda rauta za ta gaya wa kowace na'ura ta tambayi Pi kai tsaye. Na'urori ba sa jin sabon saiti sai sun sabunta hayar adireshinsu, wadda galibi awa 24 ce. Kashe Wi-Fi a kunna a kowace na'ura ya gajarta jiran. Daga nan kowa ya fito da adireshinsa a rajista, kuma ba don haka ba da babu ɗaya daga cikin matsalolin gaba da za a iya ganowa.

Gurbi na biyu

Sashen DHCP na da gurbin DNS biyu. Aka ga bai kamata a bar na biyun fayau ba, aka zuba 8.8.8.8, sabar DNS ta Google, wai ko da Pi ya mutu. Niyya ce mai kyau, kuma ita ce kuskuren da ya fi yawa a wannan aiki. Sunan "na biyu" na yaudarar mutane su ɗauka sai na farko ya faɗi ake waiwayarsa. Na'urori da dama ba haka suke yi ba: wata ta tambayi duka biyun ta ɗauki amsar da ta riga isowa, wata kuma idan na farko ya yi jinkiri sau ɗaya sai ta koma na biyu ta yi zamanta. Sakamakon shi ne talla ya ɓace da safe ya dawo da rana, a waya ɗaya, a shafi ɗaya.

Da aka share gurbin, sai rautar ta riƙa cusa adireshin kanta a wurin a ɓoye. An gano haka ne da `ipconfig /all` a kwamfutar tebur, inda 192.168.1.1 ya bayyana a ƙarƙashin 192.168.1.2. Aka rubuta 192.168.1.2 a gurbin duka biyu, rautar ta karɓa. Wasu rautoci ba sa yarda da maimaici, wasu ma ba sa bari a taɓa DNS ko kaɗan. A irin wannan hali sai a kashe DHCP na rauta a kunna na Pi-hole, da sharaɗin kada a bar biyun a kunne lokaci ɗaya. Idan ana son madogara ta gaskiya, Pi-hole na biyu ne ya cancanci wannan gurbi.

Ƙofar baya ta IPv6

Duk da haka wayoyin Android biyu da laftof ɗaya na ci gaba da ganin talla jefi-jefi. Aka buɗe tagar umarni a laftof, aka rubuta `nslookup pi.hole`. Da komai na daidai, amsa za ta fito daga 192.168.1.2. Abin da ya fito a layin farko shi ne fe80::1, sannan aka ce babu wannan suna. Rautar na shelanta kanta a matsayin sabar DNS ta IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, a cikin saƙonnin da take watsawa, kuma wannan hanya ba ruwanta da saitin DHCP da aka gyara. Android ma daga waɗannan saƙonni yake ɗaukar sabar DNS ta IPv6.

Hanya mafi sauƙi ita ce kashe IPv6 a cikin gida, kuma tana aiki, amma ba mu goyon bayan a fara da ita. Idan rauta na bari, a kunna adireshin cikin gida na ULA, masu farawa da fd, a ba Pi ɗaya na dindindin, a rubuta shi a gurbin DNS na IPv6. Haka aka yi a nan. Kada a yi amfani da adireshin IPv6 na waje da Pi ya samu, domin rabinsa na farko daga kamfanin intanet yake, yana iya sauyawa ranar da rauta ta sake haɗuwa, sai a wayi gari ana nuna wa na'urori gidan da aka tashi.

Na'urorin da ba sa jin magana

Saura biyu da sunansu bai taɓa fitowa a rajista yadda ya kamata ba: Chromecast da wayar babban yaron gidan. Na farkon sananne ne, na'urorin irinsa kan tafi 8.8.8.8 da 8.8.4.4 kai tsaye ko me rauta ta ce. Aka saka doka a katangar tsaron rauta: duk wata fita ta mashiga ta 53, TCP da UDP, an hana, ban da wadda ta fito daga 192.168.1.2. Wannan togiya wajibi ce, in ba haka ba unbound ma an rufe masa baki. Da na'urar ta buga ta ji a rufe, sai ta dawo ga sabar da aka ba ta. Mai rauta irin ta OpenWrt na iya yin abin da ya fi wannan, ya karkatar da tambayar zuwa Pi ba tare da na'urar ta sani ba.

Wayar yaron labarinta daban. Tun daga Android 9 a 2018 akwai saitin Private DNS, wanda ke ɓoye tambaya ya tura ta ta mashiga ta 853. Idan yana kan zaɓin atomatik babu damuwa, zai gwada ya ga Pi-hole ba ya amsa irin wannan, ya koma hanyar da aka saba. Amma yaron ya rubuta sunan wata saba da hannunsa. Toshe 853 a rauta zai sa wayar ta ce babu intanet a Wi-Fi ɗin gaba ɗaya, don haka magana aka yi da shi ya mayar da saitin.

Mafi wuyar kamawa shi ne DNS da ke bi ta HTTPS, wanda aka tsara ƙa'idarsa a 2018. Yana bin mashiga ta 443 tare da duk sauran shafukan duniya, ba a iya rufe masa ƙofa ba tare da an rufe wa kowa ba. Firefox, wanda ya fara kunna shi ga masu amfani a Amurka a Fabrairun 2020, yana fara tambayar sunan `use-application-dns.net`. Idan aka ce masa babu, sai ya janye, kuma Pi-hole na ba da wannan amsa da kansa. Haka Pi-hole yake yi wa iCloud Private Relay, tsarin Apple na ɓoye sawu, ta sunayen `mask.icloud.com` da `mask-h2.icloud.com`. Amma idan mutum ya zaɓi saba da hannunsa a burauza, ko ya kunna VPN, ya fita daga shingen. Duk wanda ya ɗauki Pi-hole a matsayin makullin tsare yaro mai wayo zai sha mamaki. Maganin talla ne ga masu son a raba su da talla.

Abin da ba zai taɓa toshewa ba

Tallan YouTube na nan daram, kuma babu jerin da zai cire shi. Bidiyon talla da bidiyon da kake son kallo daga sunaye iri ɗaya suke fitowa, na `googlevideo.com`. Ka toshe ɗaya, ka toshe duka. Haka tallan da ke cikin jerin rubuce-rubucen Facebook da Instagram. Jerin da ake yaɗawa da sunan maganin tallan YouTube abin da suka fi yi shi ne sa bidiyo ya tsaya yana juyi. Wannan aikin na manhajar cikin burauza ne, irin uBlock Origin na Raymond Hill, wadda ke ganin cikin shafi. Cikakkiyar sigarta na aiki a Firefox, a Chrome kuwa sauyin dokokin manhajojin burauza mai suna Manifest V3 ya bar mutane da uBlock Origin Lite. An bar ta a kwamfutocin gidan, ita ce ma ke share farin gurbin da talla ke bari idan Pi-hole ya hana shi zuwa.

Akwai wata iyakar da ta dame mu fiye da wannan. Shafuka da yawa masu amfani da talla suke rayuwa, kuma a burauza kana iya ɗaga wa shafin da kake ƙauna ƙafa. A matakin DNS babu wannan dama, domin akwatin bai san wane shafi ne ya jawo tambayar ba. Ka buɗe sunan kamfanin talla saboda jarida ɗaya, ka buɗe shi ga kowa. Wanda ke cin moriyar wani shafi kullum ya kamata ya nemi wata hanyar tallafa masa.

Yawan jeri

A mako na uku aka ƙara jeri 12 da aka samo a intanet, don a ga adadin sunayen da aka toshe ya yi tsalle a shafin kula. Kwana biyu ba a yi ba ƙorafi ya taso ta ko'ina. Mahaɗan da ke cikin saƙonnin imel, har da na tabbatar da rajista, sun daina buɗewa, saboda suna fara bi ta sabar ƙidayar dannawa. Wata manhajar kallo a talabijin ta tsaya a baƙin allo tana jiran amsar sabar ƙididdiga. Wayoyi biyu sun fara nuna alamar Wi-Fi babu intanet alhali akwai, domin wani jeri ya haɗa da `connectivitycheck.gstatic.com`, sunan da Android ke gwada haɗuwa da shi.

Hanyar bincike ɗaya ce kullum. A fara da `pihole disable 5m`. Idan abin ya yi aiki cikin waɗannan minti 5, laifin toshewa ne. Sai a buɗe rajistar tambayoyi, a tace ta da adireshin na'urar da ke kuka, a maimaita abin da ya ƙi, a duba jajayen layukan da suka fito a wannan daƙiƙar. A buɗe suna ɗaya, a gwada, in bai yi ba a mayar da shi a gwada na gaba. Umarnin `pihole -q` tare da sunan zai nuna jerin da ya kawo shi, kuma a nan aka ga jeri 3 ne ke haddasa kusan komai. Amsar toshewa daƙiƙa 2 kawai ake cewa na'ura ta riƙe ta, amma burauza kan yi nata ajiyar, don haka a rufe ta a sake buɗewa, a Windows kuma a ƙara da `ipconfig /flushdns`. Daga ƙarshe jeri 2 aka bari.

Abubuwa biyu sun rage ko da jerin asali. Sakamakon farko na binciken Google masu alamar talla ba sa buɗewa idan an danna, domin suna bi ta `googleadservices.com`. Aka nuna wa kowa ya gangara ƙasa kaɗan. Sannan wasannin da ke ba yaro ƙarin rai idan ya kalli talla sun daina bayarwa. Yara sun yi gunaguni, iyaye suka ce a bar shi haka. Laftof ɗin aikin ofis kuwa an saka shi a rukunin da babu toshewa, damar da Pi-hole ya samu tun sigar 5 a 2020. Rukuni na gane na'ura ne da adireshinta, don haka aka ɗaure mata IP ɗaya a rauta. A wayoyi sai an kula da adireshin MAC na bogi, wato lambar shaidar na'ura, da Android 10 da iOS 14 suka kawo, wanda kan iya sauyawa ya fitar da waya daga rukuninta.

Agogon da ya tsaya

Matsala mafi tsanani ta zo ne bayan komai ya lafa. Mutanen gidan suka yi tafiyar mako 2, suka kashe wutar gidan duka. Da suka dawo suka kunna, fitilun rauta duk kore, Wi-Fi cike, amma babu shafin da ke buɗewa. `ping 9.9.9.9` na amsawa, alamar layin intanet lafiya yake. Shafin kula na Pi-hole ma na buɗewa, sai dai kusan kowace tambaya a rajista ta ƙare da SERVFAIL, wato saba ta kasa amsawa. Wani abu kuma ya ja ido: kwanan watan da ke gefen tambayoyin na ranar da aka tafi ne.

Raspberry Pi 3 da 4 ba su da agogo mai batir. Idan aka kunna su, daga lokacin ƙarshe da suka ajiye suke ci gaba, har sai sun tambayi sabar lokaci ta NTP. Kowane sa hannun DNSSEC kuwa yana ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Unbound na yafe ɗan bambancin lokaci, shi ya sa ɗaukewar wuta ta 'yan awoyi ba ta taɓa tona wannan ba. Amma da agogo ya koma baya da kwana 14, sai ya ga sa hannun da ke zuwa masa duk na ranakun da ba su zo ba tukuna, ya ƙi su. Don Pi ya gyara agogo, sai ya nemo adireshin sabar lokaci ta sunanta. Don ya nemo, sai ya tambayi 127.0.0.1, wato kansa, wanda ba zai amsa ba sai agogo ya gyaru. Makulli na cikin ɗaki, ɗakin kuma a kulle.

Aka shiga ta SSH da adireshin IP, `timedatectl` ya tabbatar agogo bai daidaita ba. Aka saita lokaci da hannu da `sudo date -s`, aka sake kunna unbound, cikin daƙiƙu gidan ya dawo. Gyaran dindindin shi ne sauya `ipv4.dns` na Pi daga 127.0.0.1 zuwa 9.9.9.9, ta yadda shi kansa ba ya dogara da aikin da yake yi wa wasu. Wannan na da wani amfanin: ranar da Pi-hole ya lalace, na'urar za ta iya sauke abin gyaransa. Mai son ƙarin kariya zai iya maƙala ƙaramin agogo na DS3231. Raspberry Pi 5 da ya fito a 2023 yana zuwa da nasa, batir kawai ake saka masa.

Rajista da takardar gefen rauta

Rajistar da ta taimaka a duk wannan bincike tana nuna sunan kowane shafi da kowace waya ta nema, da lokacin da ta nema, har da na baƙon da aka ba kalmar sirrin Wi-Fi. Wannan amana ce mai nauyi, kuma bai dace mutanen gida su zauna ba su san akwai ta ba. An gaya wa kowa. Bayan an gama gyare-gyare aka rage kwanakin ajiya zuwa 7. Pi-hole na da matakan sirri da ke ɓoye sunayen shafuka ko na masu tambaya, ana iya sauko da su na ɗan lokaci idan wani bincike ya taso.

An nemi a samu toshewar a waya ko an fita daga gida. Buɗe mashiga ta 53 ga duniya a rauta haramun ne a wannan sana'a: masu kai hari kan yi amfani da irin waɗannan buɗaɗɗun sabobi su yi wa wasu ambaliyar saƙonni. VPN irin WireGuard ko Tailscale ne hanyar, kuma an ɗage wannan zuwa gaba.

Yanzu jerin na sabunta kansa kowace Lahadi da asuba. Ana yin `pihole -up` da hannu, a lokacin da mai kula yake gida. An fitar da kwafin saituna ta sashen Teleporter na shafin kula an ajiye a laftof, akwai kuma katin memori na biyu da aka riga aka girka a cikin ambulan. Tun da Pi na biyu bai samu ba tukuna, an manna takarda a gefen rauta don ranar da mai kula ba ya nan. Layi uku ne a jiki: a cire wutar ƙaramin akwati a mayar, a jira minti 2. In bai yi ba, a shiga 192.168.1.1, a sauya gurbin DNS duka biyu zuwa 9.9.9.9, a share na IPv6, a kashe dokar mashiga ta 53. Sannan kowa ya kashe Wi-Fi ɗin wayarsa ya kunna.